Jar Akuyar Maraɗi: An San Darajar Fatarta, An Manta da Hantsarta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar awaki ranar kasuwar Jibiya, ko Mai'adua, ko Illela, ya san yadda ake cinikin akuya. Mai saye zai dafa gadon bayanta ya ji ko akwai nama, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa gashin ya ga ko yana sheƙi, sannan ya ɗaga ta cak ya auna nauyinta da hannu. Dillali na gefe yana zuga shi: "Alhaji, ka dube ta da kyau, 'yar tagwaye ce, uwarta ma ba ta haihuwar ɗaya." Daga nan sai tayi, sai albarka, sai sallamawa. Da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya leƙa hantsa, balle ya tambayi abin da take bayarwa idan an tatse ta. Ga shi kuwa akuyar da ake wannan ciniki a kanta tana cikin awakin Afirka ta Yamma da suka fi nono idan aka dubi ƙanƙantar jikinsu.

Ita ce jar akuya. A Nijar ana danganta ta da Maraɗi, a Najeriya kuma da Sakkwato, amma dabba ɗaya ce, kuma iyakar da Turawa suka shata ba ta raba ta ba. Gidanta shi ne ƙasar da ta tashi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina ta haura zuwa Madarunfa da Maraɗi da Tasawa. Ba doguwa ba ce kamar akuyar Buzaye mai dogayen ƙafafu da ake gani can arewa. Tsayinta a kafaɗa bai cika wuce santimita 60 zuwa 65 ba, nauyin babbar mace kuma yakan tsaya tsakanin kilo 23 da 30. Jikinta a dunƙule yake, ƙafafun gajeru masu ƙarfi, kunnuwan matsakaita a miƙe gefe, ƙahon gajere mai komawa baya, kuma mace da namiji duk suna da shi. Gashin gajere ne, ja wur mai duhu, yana ƙyalli idan tana cikin ƙoshi. Bunsurun ya fi duhu, yana da gemu da doguwar geza a bisa gadon baya.

Abin da ya fara jawo mata farin jini a gidajenmu shi ne haihuwa. Takan yi ta fari tana da shekara ɗaya da 'yan watanni, cikinta wata biyar ne, kuma ba ta da wani lokaci na musamman a shekara da take jira kafin ta nemi barbara. Wadda ake kula da ita tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu. Ta fari yawanci ɗaya ne, amma daga ta biyu ko ta uku tagwaye sun zama ruwan dare, 'yan uku ma ba abin mamaki ba ne. Kowace haihuwa kuwa sabon nono ne, abin da masu lissafin 'ya'ya kawai ba su cika sawa a ma'auni ba.

Yadda fata ta danne nono

Sunan da jar akuya ta yi a duniya ta fatarta ta yi shi. Majema a Kano da Sakkwato sun daɗe suna jeme ta da bagaruwa, dukawa suna rina ta, fatake kuma suna ɗaukar ta a bayan raƙuma su ratsa Sahara zuwa Tarabulus da sauran biranen bakin Bahar Rum. Da yake ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka ta isa Turai, sai Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko. Sun so ta saboda laushi da ƙarfi da kyawun ƙwayar fuskarta, suka yi bangon littattafai masu tsada da safar hannu da takalma da ita.

Da mulkin mallaka ya kafu, Ingila da Faransa duk sun lura da kuɗin da ke cikin wannan fata. A ɓangarorin biyu an sa ma'aikatan dabbobi su riƙa dandaƙe bunsuran da ba ja ba, don kada launin ya gauraye. Bayan samun 'yancin kai, a farkon shekarun 1960, Nijar ta buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi domin adana irin da kuma raba shi zuwa wasu yankuna. Aiki ne mai kyau, kuma da ba a yi shi ba da watakila jar akuya ta narke cikin sauran awaki. Amma a duba ma'aunin da aka fi riƙewa wajen zaɓe: launi da fata. Bunsurun da ya fito ja tsantsa ya tsira, ko da uwarsa ba ta iya ƙosar da ɗa guda. Wanda ya zo da ɗigon fari a goshi ko ya yi baƙi ya sha dandaƙa, ko da uwarsa tana cika ƙwarya. A ganina nan ne aka yi babbar asara, domin launin gashi ba ya shayar da yaro.

Duk da haka nonon bai gudu ba. Wani likitan dabbobi Bafaranshe mai suna Robinet, wanda ya wallafa dogon nazari a kan wannan akuya a 1967, ya ƙiyasta tana ba da kilo 140 zuwa 150 na madara a shekara, cikin kwana 200 zuwa 220 na tatsa. Da rani takan ba da ƙasa da rabin lita a rana, da damina kuwa takan kai lita ɗaya, wata ma ta wuce. Madarar tana da kauri, maiƙonta ya kan haura kashi 4 cikin ɗari.

Wani zai ce wannan ai ba komai ba ne idan aka kwatanta da Saanen, farar akuyar Suwizalan da matasa masu sha'awar kiwo ke yaɗa hotunanta a waya. Gaskiya ne Saanen tana ba da wajen lita uku a rana har tsawon wata tara ko goma. Amma nauyinta ya ninka na jar akuya, cinta ma haka, kuma an gina ta ne a kan ciyawar tsaunuka masu sanyi. Farar fatarta ba ta jure rana, zafin Afrilu yana hana ta ci, tsutsar ciki da kaska suna kayar da ita da wuri. Mai kuɗin gina rumfa mai iska da sayen abinci duk shekara da kiran likita yana iya gwada ta, ko ya gwada ruwa-biyunta. Matar ƙauye mai awaki huɗu a bayan ɗaki kuwa, wadda ita ce ainihin mai kiwon awaki a ƙasar Hausa, abin da zai amfane ta shi ne akuyar da ta riga ta san rani, a ƙara mata ci, a gyara mata iri.

Rabin lita a gidan talaka

A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, inda ba kowane gida ke da saniya ba, nonon akuya ne ake dama fura da shi, ana zuba shi a kunu, ana kuma haɗa shi cikin madarar da ake yin cuku. Awakin na mata ne. Da kuɗin adashi ake sayensu, ko a ba amarya, ko uwa ta ba 'yarta ta tafi da ita ɗakin miji. Shi ya sa ƙungiyoyin agaji a Nijar suka ari al'adar Fulani ta habbanaye: a ba mace aron akuya, ta haihu a hannunta, ta riƙe 'ya'yan, ta miƙa uwar ga wata. Madarar da ta fito daga irin wannan akuya ba ta zuwa kasuwa, cikin yaran gidan take shiga. Kofi guda kullum ga yaron da aka yaye, a lokacin bazara da rumbu ya yi ƙasa, ba ƙaramin abu ba ne.

Madarar akuya tana da sauƙin narkewa, domin ƙwayoyin maiƙonta ƙanana ne, kuma idan ta daskare a ciki ba ta yin tauri kamar ta saniya. Amma akwai iyaka biyu da bai kamata a tsallake ba. Ta farko, jaririn da bai kai wata shida ba babu abin da ya kamace shi sai nonon uwarsa. Tsohuwar al'adar nan ta matse dakashin mai jego a zubar, a ɗura wa jariri madarar akuya kafin "nono ya gyaru", cutarwa ce, domin dakashin nan shi ne rigakafinsa na farko. Madarar akuya kuma tana da ƙarancin sinadarin folet, yaron da ya dogara da ita kaɗai yakan yi ƙarancin jini. Ta biyu, a tafasa. Cutar bakkale, mai sa dabba ɓari, tana shiga mutum ta ɗanyar madara, ta bar shi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin cizon sauro a banza.

Ci da sha

Nono daga baki yake shiga. Akuya mai shayarwa tana cin abin da ya kai kashi 4 cikin ɗari na nauyinta a busasshen abinci kowace rana, wato wajen kilo ɗaya ga mai kilo 25. Wadda aka sake da safe ta yini tana tsintar bawon rake da takarda a bola ba za ta samu rabin wannan ba. Abin da za ta samu shi ne leda, wadda ke taruwa a tumbi ta dunƙule, akuya ta yi ta ramewa ciki na kumbura, sai ranar da mahauci ya farke ta a ga abin da ya kashe ta.

Abincin da take bukata yana gonakinmu. Harawar wake da ta gyaɗa su ne kan gaba, musamman wadda aka ɗaure da sauran ɗanyen ganye aka ajiye a inuwa ko bisa rufin ɗaki, ba wadda rana ta cinye ta koma kara ba. Sai kowar wake, sai dusar gero ko ta dawa ko ta masara, cikin tafi biyu zuwa uku safe da yamma, a ɗan yayyafa mata ruwa. Idan da hali a ƙara ɗan ƙuli-ƙuli ko angurya, amma angurya ta manya ce, kada a ba 'yan ƙanana da ba su fara tuƙa ba. Akuya kuma mai son ganyen sama ce fiye da ciyawar ƙasa. Gawo ya fi kowace bishiya yi mata rana, domin shi da rani yake fitar da ganye ya zubar da 'ya'ya, daidai lokacin da komai ya bushe. Manoman Maraɗi da suka koma barin tsiron itatuwa a gonakinsu tun daga shekarun 1980 sun ga amfanin haka a jikin dabbobinsu, ba a amfanin gona kaɗai ba. 'Ya'yan kalgo, ganyen magarya da na aduwa da na zogale duk suna shiga. A rataye ganyen ko a sa a kwando sama da ƙasa, don akuya ba ta cin abin da ta taka ko ta yi wa fitsari.

Abubuwa biyu suna kashe akuya mai lafiya cikin yini guda. Ɗaya shi ne ta faɗa wa buhun hatsi ko tulin ragowar tuwo ta ci ta ƙoshi, tumbin ya yi tsami ya kumbura. Ɗayan kuma gyauron dawa, sabon tohon da ke fitowa bayan an yanke kara, wanda ke ɗauke da guba. Duk sabon abinci a shigar da shi kaɗan-kaɗan cikin mako guda.

Ruwa kuwa shi ne abin da aka fi yi wa rowa. Kusan kashi 87 cikin ɗari na madara ruwa ne. Mai shayarwa a zafin bazara tana iya shan lita biyar ko fiye, amma a gidaje da yawa sau ɗaya ake miƙa mata ruwan wanke-wanke. A ajiye mata mai tsabta a inuwa, ta sha lokacin da ta so, a sa mata gishiri ko 'yar kanwa ta riƙa lasa.

Damina a turke

Abin tausayi shi ne lokacin da ƙasa ta yi kore shar, a lokacin ne awaki da yawa suka fi wahala. Da an yi shuka sai a ɗaure su don kada su shiga gonakin mutane. Akuya ta yini a turke guda, cikin taɓo da kashinta, tana jiran yaro ya dawo da ɗan dammin ciyawa. Ita kuwa ba abin da ta tsana kamar jiƙa. Daga nan sai ruɓewar kofato, sai tari, sai tsutsar ciki mai shan jini, wadda ƙwanta ke ƙyanƙyashewa a danshi.

Gane wannan tsutsa ba ya bukatar na'ura. A riƙe kan akuyar a fili inda akwai haske, a ja fatar idonta ta ƙasa da babban yatsa. Idan cikin ja ne, jininta lafiya lau. Idan ya koɗe ya yi fari-fari, ko aka ga ƙarƙashin haɓarta ya kumbura kamar an ɗura ruwa, tsutsa ta ci ƙarfinta, a nemi ma'aikacin dabbobi. Ba kowane maganin tsutsa ake ba mai ƙaramin ciki ba, albendazol alal misali yana iya lalata ɗan tayi a farkon ciki. Kuma duk akuyar da aka yi wa allura ko aka ba magani, a tambayi kwanakin da za a ƙaurace wa shan madararta.

Maganin taɓo shi ne rumfa mai rufi da ɗan dandamali na itace ko tudun ƙasa da za su hau su kwanta, a share kullum, a kai takin gona. Da hunturu kuma a kare ɓangaren da iska ke bugowa da zana, saboda sanyin asuba yana kashe 'yan awaki da ciwon huhu.

Sai babbar annoba, wadda likitoci ke kira PPR: zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, zawo mai wari, garke ya ƙare cikin mako biyu. An fara gano ta a Kodebuwa a 1942, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan kawar da ita. Rigakafinta yana nan, ana yin sa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, kuma nau'in da aka fi amfani da shi a duniya daga ƙwayar cutar da aka samo a Najeriya a 1975 aka sarrafa shi. Allura ɗaya tana kare akuya shekara uku ko fiye. Sabuwar akuyar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako uku kafin ta shiga cikin na gida, domin ta wannan ƙofa cutar ta fi shigowa.

Daga ciki zuwa ƙwarya

Nonon da za a tatsa bayan haihuwa tun a cikin ciki ake gina shi. Makonni shida na ƙarshe su ne 'ya'yan ke yin mafi yawan girmansu, su matse tumbin uwar har ta kasa cin abu mai yawa, don haka a lokacin take bukatar harawa mai kyau da ƙarin dusa. A daina tatsarta wata biyu kafin ta haihu. Kada kuma a bar bunsuru ya hau 'yar burguma da ba ta kai wata takwas ba, domin cikin wuri yana tsumburar da ita har abada.

Idan ta haihu, a bar ta ta lashe ɗanta, a tsoma cibiyar cikin aidin, a tabbata ya kama nono cikin awa biyu na farko. Ɗan akuyar Maraɗi bai cika wuce kilo biyu ba ranar haihuwa, ba shi da kitsen da zai jira gobe. Makonni uku zuwa huɗu na farko madarar tasu ce, musamman idan tagwaye ne. Bayan nan sai a fara raba su da uwar da daddare, a tatsa da safe, a sake su tare da rana.

Tatsar kanta tana da ladabi. A fitar da akuyar daga inda bunsuru yake, domin warinsa yana kama madara, kuma shi ne rabin dalilin da ya sa wasu ke cewa nonon akuya yana ƙarni. A zuba mata 'yar dusa ta shagala. A wanke hannu, a goge hantsar da ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta, a tsane. Kan nonon jar akuya ƙarami ne, yatsu uku sun isa: a matse sama da babban yatsa da manuniya don kada madarar ta koma, sannan a matsa da na tsakiya, ba a ja ƙasa. Tsartuwar farko a yi ta a kan baƙin murfi a duba. Idan aka ga gudaji ko jini, ko aka ji ɓangare ɗaya na hantsar ya yi zafi da tauri, ciwon hantsa ne, ba a shan wannan madara, kuma jinkiri yana kashe ɓangaren gaba ɗaya. Da an gama a tace da ƙyalle, a ɗora a wuta nan take. Ita kuma a bar ta a tsaye tana cin harawa na rabin awa, kafin ƙofar nonon ta rufe, kada ta kwanta a ƙazanta.

Bunsurun unguwa

Duk wannan kulawa iyakarta ta fitar da abin da ke cikin jinin akuyar. Ƙara abin da ke cikin jinin kuwa aikin bunsuru ne, kuma a nan ne kiwonmu ya fi rauni. Ɗan bunsurun da ya fi saurin girma, wanda uwarsa ta fi shayar da shi, shi ake fara kamawa idan suna ya taso ko Salla ta matso ko aka rasa kuɗin magani. Wanda ya rage yana yawo a unguwa shi ne tsumburarren da ba mai saye, shi ke hawa kowace akuya, har da uwarsa da 'yan'uwansa. Shekara da shekaru muna sayar da mafi kyau muna barin mafi lalacewa ya yi iri, sannan mu ce awakin yanzu ba su kai na da ba.

Cibiyar Maraɗi da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna da garkunan wannan akuya da masana da suka san ta. Abin da nake fata daga gare su shi ne su fitar da bunsuran da aka zaɓa bisa nonon iyayensu mata, su isa hannun masu kiwo da takardar shaidar abin da uwar ke bayarwa. Amma unguwa ba sai ta zauna jiran wannan ba. Bunsuru ɗaya ya ishi awaki 25 zuwa 30, wato awakin gida bakwai ko takwas. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a yankin Maraɗi a 1991 suka bazu ko'ina, sun riga sun saba tara kuɗi duk mako da riƙe lissafi. Irin wannan ƙungiya tana iya sa kowace mace ta auna madarar akuyarta da kofi iri ɗaya sau ɗaya a mako, a ja layi a bango ko a littafin asusu. Cikin wata uku za a san akuyar da ta fi. A duba hantsarta: mai faɗi, manne da ciki, ba mai reto har gwiwa ba, kawuna biyu daidai da juna. Ɗanta namiji ƙungiya ta saye shi da kuɗin asusu kafin mai shi ta kai shi kasuwa, a dandaƙe sauran tun ba su kai wata uku ba, su yi ƙiba a sayar da su da daraja. Bayan shekara ɗaya a yi musayarsa da na wani ƙauye don kada ya hau 'ya'yansa. Wata biyar na ciki, da shekara guda da 'yan watanni kafin 'ya'yansa mata su yi haihuwar fari, ke nan kafin shekara biyu ta cika za a iya auna nononsu da kofin da aka auna na iyayensu.